Ciwon Bayan Da Ba Na Fartanya Ba: Sankarar Ɓargo Da Haɗarinta Ga Ƙoda

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hunkuyi ko Kudan ko Makarfi ko Ikara ya san ciwon baya ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sunkuye a kan fartanya da damina, da rani kuma ya koma fadama yana ban-ruwan tumatir da barkono, ko yana saran rake yana ɗaukar dami a ka, in ya ce bayansa yana ciwo ba wanda zai yi mamaki. Sai a ce gajiya ce, ko a ce tsufa ne ya zo, a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya. Sau da yawa kuwa hakan ne, in an huta kwana biyu sai a miƙe.

Amma akwai wani ciwon bayan da ba fartanya ce ta kawo shi ba, hutu kuma ba ya raba mutum da shi. Shi ne muke so mu yi magana a kansa a wannan mako, gama ƙwayoyin nan da muke saye don mu rage wa iyayenmu zafinsa, su ne a wasu lokatai suke ƙarasa musu ƙoda. Cutar ba ta da yawa a cikin jama'a. Amma gidan da ta faɗa wa, abin da aka yi a makonnin farko shi yake raba wanda zai koma gona da wanda zai ƙare kwanakinsa a kan injin wankin ƙoda.

Bari mu kawo misali irin wanda ma'aikatan lafiya suka saba gani. Dattijo ne da ya haura shekara hamsin. Bayansa da haƙarƙarinsa sun yi wata uku suna ciwo, in ya juya a kan gado sai ya yi nishi. Ya sha ƙwayoyi iri-iri, an yi masa allurai, an kai shi wurin mai ɗori ya mummurza. Ya rame, tafin hannunsa ya yi fari, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na taifot. Da bazara ta tsananta sai ƙishirwa ta dame shi, cikinsa ya ɗaure, ya soma amai, fitsari ya ragu, maganarsa ta fara rikicewa. A nan ne aka yi shatar mota aka nufi Zariya. Likita ya auna jini ya ce ƙoda ta kasa. 'Yan gida suka dubi juna, gama a saninsu ciwon baya suka kawo. Ashe duk cuta ɗaya ce tun daga farko.

Wace irin cuta ce?

Likitoci suna kiranta mayeloma, mu kuwa za mu ce sankarar ɓargo. A cikin ɓargon ƙashi ne jiki yake yin jini. Daga cikin ƙwayoyin da suke zaune a wurin akwai waɗansu da aikinsu shi ne ƙera makaman da jiki yake yaƙar cututtuka da su. Makaman nan furotin ne, kowanne kuma an haɗa shi da dogayen sassa biyu da gajeru biyu. A wurin mai wannan cuta, ƙwaya ɗaya ce take kauce hanya, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har zuriyarta ta cika ɓargo. Dukansu kuma makami iri ɗaya suke ta zubowa cikin jini, wanda ba ya tsare mutum daga komai, sau da yawa tare da tarin gajerun sassan nan da ba a haɗa su da komai ba.

Daga nan ɓarna take rabuwa huɗu. Ɓargo ya cushe, jini ya ragu, mutum ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya. Ƙashi ya riƙa zaizayewa daga ciki kamar azarar da gara ta ci, har yakan karye ba tare da an faɗi ba. Sinadarin kalsiyam da ke cikin ƙashin ya kwararo cikin jini ya yi yawa. Na huɗu kuwa shi ne ƙoda. Ban da waɗannan, tun da makaman ƙwarai sun yi ƙaranci, cututtuka irin su ciwon huhu da ciwon mafitsara sukan yi ta kama mara lafiya.

Ba a ɗaukar cutar nan daga wani, ko ta cin abinci tare, ko ta kwanciya. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ta fi kama wanda ya haura hamsin, maza sun ɗan fi mata. A cikin dukan cututtukan sankarar jini, ita ce wajen kashi 10 cikin 100. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, a Amurka an daɗe da lura cewa tana kama baƙar fata ninki biyu na yadda take kama farar fata. Wani bincike da aka buga a 2007, wanda aka yi a kan maza a Akra ta ƙasar Gana, ya sami alamar farko ta furotin ɗin nan a jininsu wajen ninki biyu na abin da ake samu a jinin Turawan Amurka. Ke nan ba cutar Turawa ba ce. Tana nan a cikinmu, sai dai sau da yawa ba a kai ga gane sunanta.

Tun farko a fitsari aka gan ta

A shekarar 1845, a birnin Landan, wani ɗan kasuwa mai suna Thomas McBean ya kwanta da ciwon baya da na ƙirji. Likitansa, William Macintyre, ya ɗumama fitsarinsa a wuta, ya ga wani abin mamaki: in ya yi zafi sai ya yi kauri, in ya tafasa sai ya narke, in ya huce kuma ya sake daskarewa. Aka aika da fitsarin wurin wani masani, Henry Bence Jones, wanda ya tabbatar da cewa wani irin furotin ne dabam. Mara lafiyan ya rasu a ranar 1 ga Janairu, 1846, aka kuwa tarar haƙarƙarinsa sun yi laushi har wuƙa tana yanka su. Sai a 1962 masana suka tabbatar cewa furotin ɗin nan ba wani abu ba ne illa gajerun sassan da muka ambata. Har yau in likita ya rubuta a yi gwajin Bence Jones, abin da yake nema a fitsari ke nan.

Yadda ƙoda take toshewa

Kowace ƙoda tana da 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, kowace matata kuma tana da siririn bututu da bai kai kaurin gashi ba. A kwana ɗaya ƙodoji biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu a matsayin fitsari. Gajerun sassan furotin ɗin nan ƙanana ne, suna ratsa matata. A jikin mai lafiya kaɗan ne, ƙoda tana iya sarrafa su. A jikin mai sankarar ɓargo kuwa sun fi ƙarfinta. Sai su gangara cikin bututu, su haɗu da wani furotin da ƙodar kanta take yi, su dunƙule.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila zai gane abin da ke faruwa. Ruwan rake, muddin da ruwa-ruwansa, yana gudana. In aka bar shi a wuta ruwan ya ƙone, sai ya yi kauri, in aka zuba shi a mazubi ya daskare da siffar mazubin. Haka furotin ɗin nan yake yi a cikin bututun ƙoda. In fitsari yana da yawa yana gudu, yana wucewa da shi. In jiki ya bushe, sai ya daskare ya toshe bututun, wurin ya kumbura. In aka bar shi ya daɗe, sai wurin ya zama tabo, tabo kuwa ba ya komawa nama.

Ana ƙiyasta cewa daga ɗaya zuwa biyu cikin kowane mutum biyar da aka gano cutar a jikinsu, ƙodarsu ta riga ta taɓu tun ranar da aka gano, kusan rabinsu kuma za ta taɓu a wani lokaci cikin jinyar. Akwai kuma wata hanyar ta dabam, wadda furotin ɗin yake taruwa a hankali a jikin matatun kansu. Irin wannan yakan zo da kumburin ƙafafu da fitsari mai yawan kumfa, wani lokaci har ya taɓa zuciya.

Abubuwan da suke rura wutar

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yawancin abubuwan da suke tsaga bangon nan suna hannunmu.

Na farko shi ne magungunan kashe zafin ciwo irin waɗanda za ku ga an rubuta Diclofenac, Ibuprofen ko Piroxicam a jikin kwalinsu, ko ƙwaya ko allura. Suna rage jinin da yake shiga ƙoda. Mai lafiya ba zai ji komai ba in ya sha na kwana biyu, amma ƙodar da take fama da furotin ɗin nan tana iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Mafi haɗari shi ne haɗin ƙwayoyin nan da 'yan talla suke ƙullawa a leda a kasuwa, gama ba wanda ya san abin da ke ciki, sau da yawa kuma irin waɗannan magunguna biyu ko uku ne a ƙulli ɗaya.

Na biyu shi ne bushewar jiki: zafin watan Maris da Afrilu, wuni a gona ba ruwa, gudawa, amai, zazzaɓi. Na uku shi ne kalsiyam da ya yi yawa a jini, wanda yake sa yawan fitsari da ƙishirwa da farko, ya ɗaure ciki, ya kawo tashin zuciya da ruɗewa, ya ƙara busar da jiki. In dattijo mai ciwon baya ya soma sambatu, kada mu yi saurin cewa tsufa ne ko iska, yana iya zama kalsiyam ne, kuma ana saukar da shi a asibiti. Na huɗu su ne waɗansu allurai kamar Gentamicin, da ƙwayoyin sa fitsari da ake sha saboda kumburi ba da umarnin likita ba, da ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya kafin a ɗauki wani irin hoto. Haka kuma jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, musamman masu sa gudawa ko amai.

Yaushe za a tashi?

Ba kowane ciwon baya ne sankara ba, kada hankalin kowa ya tashi. Amma in mutum ya haura shekara arba'in da biyar ko hamsin, bayansa ko haƙarƙarinsa ya yi fiye da wata guda yana ciwo ba sauƙi, sa'an nan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, to a daina sayen ƙwaya a tafi asibiti: ƙarancin jinin da ba a san dalilinsa ba, rama, yawan zazzaɓi, karaya ba tare da wani babban haɗari ba, raguwar tsawo ko ranƙwafawa cikin 'yan watanni, fitsari mai kumfa ko raguwar fitsari. In kuwa ƙafafu suka soma mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, wannan ba a kwana da shi, gama ƙashin baya ne yake danne laka.

A asibitocin gwamnati da ke Hunkuyi da Makarfi da Ikara za a iya farawa. A roƙi a auna yawan jini, a kuma nemi a auna aikin ƙoda da kalsiyam, ko a rubuta takardar zuwa inda za a yi. Ku lura da abu ɗaya: ɗan tsinken takardar nan da ake tsomawa a fitsari ba ya ganin wannan furotin sosai. Ana iya cewa fitsari lafiya lau alhali yana cike da shi. Haka kuma hoton ƙashin baya yakan yi kama da na tarin fuka na ƙashi, har a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka. In an yi makonni ana sha ba canji, a koma wurin likita a faɗa masa.

Inda ake tabbatar da cutar a yankinmu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Kano. A can akwai likitocin jini da likitocin ƙoda. Za a yi gwajin da yake rarrabe furotin na jini da na fitsari, a ɗauki hoton ƙoƙon kai da sauran ƙasusuwa, sa'an nan a kashe zafin wuri a sa allura a ƙashin ƙugu a ɗebo ɓargo kaɗan. Mutane da yawa suna gudun wannan gwaji, suna cewa za a zuƙe musu ɓargo. Abin da ake ɗiba bai wuce cikin cokali ba, jiki kuma yana mayar da shi. In ba a yi shi ba, ba a iya fara magani da tabbaci.

Yadda ake ceton ƙoda

Aiki biyu ake yi a lokaci guda: a buɗe bututun da ya toshe, a kuma tsayar da furotin daga tushensa.

Na farko, ana dakatar da duk maganin da yake cutar da ƙoda, a yi ƙarin ruwa, a saukar da kalsiyam, a yi maganin duk wata cutar da ta shigo. Wanda fitsarinsa yake fita sosai, zuciyarsa kuma lafiya, likitoci sukan so ya sha ruwa wajen lita uku a rana, wato ledar ruwa shida. Amma fa wanda fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko jikinsa ya kumbura, ko yana haki, kada a ɗura masa ruwa a gida, gama zai taru a huhu. Likita ne zai ƙayyade masa. Don zafin ciwo kuwa, farasitamol bisa ƙa'ida ba ya cutar da ƙoda kamar waɗancan, in bai isa ba likita yana da mafi ƙarfi da zai zaɓa.

Na biyu shi ne maganin sankarar kanta. Tun daga shekarun 1960 Melphalan da Prednisolone ne abin dogaro. A 1999 aka gano cewa Thalidomide yana aiki a kan cutar. A 2003 aka amince da Bortezomib a Amurka, wanda ya canja labarin masu matsalar ƙoda, domin yana aiki da sauri, kuma ba ƙoda ce take fitar da shi daga jiki ba, saboda haka ana ba da shi har ga wanda ake yi wa wankin ƙoda. Akan haɗa shi da Dexamethasone da wani magani na uku. A 2015 kuma aka sami Daratumumab, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu. In aka yi nasarar rage furotin ɗin sosai cikin makonnin farko, ƙodar mutane da yawa takan farfaɗo. In aka yi watanni ana jinkiri, ko maganin ya kashe sankarar, ƙodar ta riga ta tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magungunan nan suna da nasu sharuɗɗa. Bortezomib yana iya kawo jin ƙaiƙayi ko mutuwar yatsu, a faɗa wa likita da wuri. Thalidomide shi ne maganin da ya sa aka haifi dubban jarirai da naƙasassun hannuwa da ƙafafu a Turai kafin a janye shi a 1961, don haka a ɓoye shi nesa da mai ciki, kada kuma a ba kowa. Dexamethasone kuwa, wanda wasu suke sha don neman ƙiba, yana ɗaga sukari yana kuma raunana garkuwar jiki. Kada wani ya karanta sunansa a nan ya je ya sayo wa mahaifinsa.

Wankin ƙoda da nauyin aljihu

In ƙoda ta tsaya har guba ta taru a jini, sai an yi wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Iyalai da yawa sukan sayar da gona da dabbobi su zuba duka a kan wankin, a rasa na maganin sankarar. Wannan kamar kwalfe rijiya ne ana barin idon ruwa a buɗe. Wankin yana riƙe rai ne kafin magani ya yi aiki, akwai kuwa waɗanda suka rabu da injin bayan makonni ko watanni. Saboda haka tun ranar farko a zauna da likitan jini da likitan ƙoda, a tambaye su yadda za a raba ɗan abin da ke hannu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta, don haka a tambaya ko asibitin da aka je yana ciki. A kuma nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin.

Ba za mu ɓoye muku ba, har yanzu ba a warkar da sankarar ɓargo gaba ɗaya ga yawancin masu ita. Takan lafa, ta kuma dawo. Amma da magani mutum yana iya samun shekaru yana tafiya da ƙafafunsa, yana duba gonarsa, yana aurar da 'ya'yansa. Shekarun nan sun fi yawa, sun kuma fi daɗi, ga wanda ƙodarsa ta tsira.

Abin da ya rage gare mu

Ku 'ya'ya da ake aike kemis, in baba ko inna sun yi wata guda suna aikenku sayen maganin ciwon baya, lokaci ya yi da za ku ce a je a auna jini. Ku iyayenmu mata da kuke jinya, ku lura da yawan fitsarin mara lafiya da yawan ruwan da yake sha, ku kuma tattara dukan kwalaye da ledojin maganin da ya sha ku tafi da su asibiti, har da na gargajiya, kada ku ji kunyar nunawa. Ku masu kemis, dattijon da yake dawowa kowane mako da kuka iri ɗaya, taimakon da za ku yi masa shi ne ku tura shi gaba. Mu kuma sauran jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai wannan cuta yakan bukaci ƙarin jini, da kuɗin mota zuwa Shika kowane mako, da wanda zai kama masa noma. In za a yi masa karo-karo a ikilisiya ko a unguwa, a yi shi a makon da aka gano cutar, lokacin da kuɗin zai sayi magani ya ceci ƙoda.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu.